Wanda Ya Dawo

Mu Kiristocin da ke zaune tsakanin Fakku da Kebbe da Tambuwal ba mu da yawa. Akasarinmu aiki ne ya kawo mu, koyarwa ko jinya ko kasuwanci. Ni aikin asibiti nake yi. Da sunana ya fito cikin masu ziyarar ƙasa mai tsarki ta hannun hukumar NCPC, wadda aka kafa a 2007, na ɗauki tafiyar a matsayin aike daga 'yar ƙaramar ikkilisiyarmu. Zumuntar mata ce ta tara mini guzuri.

Mun shiga jirgin ruwa a Tekun Galili, mun sunkuya mun wuce ta ƙaramar ƙofar majami'ar Baitalami, mun yi addu'a a bakin Kogin Urdun. Duk sun ratsa ni. Amma inda ya riƙe zuciyata shi ne Burkin, wani gari kusa da Jenin, wanda maziyarta da yawa ba sa biyawa ta cikinsa. Akwai tsohuwar majami'a a can, an gina ta jikin wani kogo da al'ada ta ce a cikinsa ake killace kutare, ana zuro musu abinci ta wata kafa daga sama. A nan ake tunawa da labarin da ke cikin Luka sura 17: kutare goma suka roƙi Yesu, duk suka warke, ɗaya kaɗai ya juyo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, mutumin da Yahudawa ba sa cin abinci da shi.

Na tsaya ƙarƙashin kafar nan, tunanina ya tafi Amanawa, asibitin kutare na kusa da Sakkwato, inda 'yan mishan na SIM suka kama aiki tun shekarun 1930. Yau kuturta tana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da maganinta a duniya. Na sha miƙa wannan magani da hannuna. Abin da ban taɓa mantawa ba shi ne wani Bafulatani da ya gama shan nasa, ya tako daga ruga da ƙwaryar nono, ya tsuguna ya ce, "Malam, ban da abin biyanka." Tara ɗin nan na Luka ba na ganin mugunta gare su. Murna ce ta kwashe su, kowa na gaggawar ya ga iyalinsa. Na goman ya jinkirta tasa murnar, ya taka da ƙafarsa ya koma wurin wanda ya yi masa alheri.

Da na sauka gida sai na bi mutane ɗaya bayan ɗaya: matan zumunta, abokin aikin da ya riƙe mini dutina, da maigidan da nake haya wurinsa, dattijo Musulmi wanda ya lura da iyalina duk tsawon tafiyar. Na ce, "Baba, na zo godiya." Ya ce, "Ɗana, ai maƙwabtaka ce. Ka dai yi muna addu'ar damina can?" Na ce na yi, a Burkin, kuma na ambaci sunansa.