Rijiyar fadama daga tudu take sha

A gefen Gulbin Maraɗi, gab da Gidan Runji, akwai wani mai garka da yake auna shekarunsa da igiyar guga. Da yana yaro, in ji shi, bayan gulbi ya yi ambaliya ya janye, laka takan kwanta a fadama, ruwa kuwa sai an sunkuya kawai. Yau ya ƙulla ƙarin igiya har ya daina ƙirgawa.

Ya daɗe yana ɗora laifin kan madatsar ruwan Jibiya, wadda Nijeriya ta gina a kan kogin Gada, uwar gulbin. Bai yi ƙarya ba. Ruwan da aka tare can shi ne wanda bai zo ya tsuma cikin ƙasa a nan ba, duk da yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990. Takarda dai ba ta shayar da tumatir.

Amma wata damina korama ta ɓalle daga tudu, ta binne masa rabin garka da rairayi. Ya bi sawunta sama, sai ga shi tsaye a gonarsa ta gero. Shi da kansa ya sare sabara da kalgo, ya tone kututture, ya hana gonar hutu, har ya ɗan ci bakin burtali. Ruwan da a da yakan tsaya gindin itace ya nutse a hankali, yanzu gudu yake yi, ɗauke da ƙasa. Abin ya yi masa ciwo fiye da na Jibiya, don wannan karo ba wanda zai kai ƙara.

Wani ɗan'uwansa na ƙasar Agye ne ya ba shi labarin Ɗan Saga, inda manoma suka daina kashe toho lokacin sassabe. Sukan bar reshe biyu ko uku a kan kututture, su gyara su, kwamitin gari kuma, har da mata da makiyaya, ya sa ido kan masu gatari. Dabarar ta bazu a jihar Maraɗi tun bayan farin 1984.

Ya gwada. Maƙwabta suka ce lalaci ya hana shi share gona, shi kuma bai iya nuna musu komai ba, domin rijiya ba ta amsawa cikin damina guda. Koramar dai ta rage ƙarfi a wajensa. Sai dai gonaki bakwai ne ke zuba ruwa a wannan kwari, tasa ɗaya ce, kuma masu shidan ba su da garka a fadama.