Farautar Rani a Dajin Dumburum

Kafin daji ya gagari masu shi, farautar gayya na cikin manyan hidimomin rani a arewacin Zamfara. Da hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya busar da ciyawa, sai Sarkin Dawa ya sa rana. Irin wannan gayya na bi kawuna a shekarar 2008.

Daga Kaura Namoda muka tashi, inda layin dogo ya tsaya tun 1929. Muka bi ta Moriki, muka isa Shinkafi ranar Alhamis, kasuwa ta cika maƙil. Kawu ya sayi albarushi, ya ba maƙeri bindigarsa ta toka ya duba mata kunama, ni kuma aka saya mani gora. Daga nan sai Zurmi, gidan dattijon maharbin da zai ja mu. Shi ya ɗaura wa dawakin da za mu hau sirdi da hannunsa.

"Ɗana, ka taɓa hawa?"

"Na taɓa, Baba, a hawan salla."

"To, nan ka sassauta linzami. Dokin ya fi ka sanin ƙasar."

Muka ƙetare gulbin Bunsuru da asuba, ba ruwa sai rairayi, 'yan ƙasa na biye da karnuka, mai gangi yana zuga maza da kirarinsu. Gonaki suka ƙare, sabara da geza suka karɓe, can gaba marke da ƙirya a gindin duwatsu. Wannan daji tun zamanin Turawa aka keɓe shi, aka bar wa 'yan ƙauyuka irin su Dumburum da Shamushalle gonakinsu a cikinsa.

Doki ba ya kai mutum har gaban nama. Aikinsa ɗaukar salkar ruwa da guzuri da rage nisa. Da muka kusa wata fadama, Baba ya sa aka ɗaure su, aka yi shiru da gangi. Ya ɗebi ƙura ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya zagaya da mu ta inda dabba ba za ta ji warinmu ba. Ya durƙusa kan wani sawu, ya ce na gada ne, da daren jiya ta wuce, ga bakin sawun bai rushe ba. Ya murje kashinta a yatsa, ya faɗi abin da ta ci. Na yi karatun boko da na allo, amma ban taɓa ganin mutum yana karanta ƙasa haka ba, kuma har yau ina ganin ilimi ne da ya cancanci a rubuta.

Ya ce a zamanin mahaifinsa akwai giwa da ɓauna da gwanki a nan. Mu gada muka samu, da zomaye da zabin daji. Wata barewa ta gifta da ciki, wani saurayi ya ɗaga bindiga, Baba ya danne bakinta ƙasa, bai ce uffan ba. Da yamma muka sauka kusa da wata ruga. Fulanin suka kawo kindirmo, muka ba su cinyar gada, Ardo da Baba suka daɗe suna hira, suna tsokanar juna.

Daga wajen 2011 satar shanu ta yi ƙamari, garkuwa da mutane ta biyo baya, sunan Dumburum ya koma na labaran rediyo. A Satumbar 2021 aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar. Baba ya rasu cikin waɗannan shekaru, 'ya'yansa suka sayar da dawakin. Samarin da ya koya wa bin sawu, waɗanda ke raye, gadin gari suke kwana yi, kawu kuma ba ya bin hanyar Shinkafi sai ya tambayi direbobin da suka fito daga can.