Shaida Goma Ko Baki Ɗaya?

Duk wanda ya saba zama a majalisun Sabon Tasha, inda ake kama hanyar Kachia da Kafanchan, ya san gardamar siyasa ba ta daɗewa sai an sako zancen 'yan leƙen asirin ƙasashen waje. Wannan ya ce rediyo kaza ce ta faɗa, wancan ya ce ai ita ta Turawa ce, na uku ya zaro waya ya ce ga shi jaridu goma sun ɗauka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ya fara faɗi, kuma me ya gani da idonsa?

Misalin da dattawa suka fi kawowa shi ne na Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe a Ikko ran 13 ga watan Fabrairu, 1976. Wata guda kafin nan ya tsaya a taron shugabannin Afirka a Addis Ababa ya ƙi bin ra'ayin Amurka game da Angola, don haka nan da nan aka ce aikin CIA ne. Zaton kuwa bai rasa tushe ba. A 1975 wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka, wanda Sanata Frank Church ya shugabanta, ya tabbatar CIA ta ƙulla makircin kashe Patrice Lumumba na Kwango da guba. Wannan shaida ce mai nauyi, gama mai gida ne ya tona asirin gidansa. Amma fa a kan Kwango ta yi magana, ba Ikko ba. Abin da ya tabbata a Ikko shi ne Laftanar Kanar Dimka ya je wurin jakadan Ingila, Sir Martin Le Quesne, yana neman a sada shi da Janar Gowon, daga baya aka sa jakadan ya bar ƙasar. Tsohon laifi yana sa a yi zargi, ba ya isa a yanke hukunci.

Sa'an nan ga batun yawa. A 1983 wata jarida a Indiya mai suna Patriot ta buga wasiƙa marar sa hannu, wai Amurka ce ta ƙirƙiro cutar ƙanjamau. Jaridu a ƙasashe masu yawa suka yi ta kwafa, har mutane suka ɗauka kowacce binciken kanta ta yi. A 1992 Yevgeny Primakov, shugaban leƙen asirin Rasha, ya amsa cewa KGB ce ta shirya zancen. Watau bakuna da yawa ne, amma shaidar guda ce, ita ma ta zur.

Har wa yau, a watan Disamba, 2024, Janar Tiani na Nijar ya yi hira da Hausa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a tayar wa ƙasarsa da hankali. Malam Nuhu Ribadu ya musanta. Kowannensu yana da abin karewa, saboda haka matsayinsu na mai ƙara ne da wanda ake ƙara. Alƙali kuwa ba ya rufe shari'a da jin bakinsu kaɗai. Mai da'awa yake ce wa ya kawo shaidu.

Mutanen kudancin Kaduna sun fi kowa sanin abin da ji-ta-ji-ta take jawowa. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan cikin watan Maris, 1987, kwanaki kaɗan ya yi ya kai Zariya da Funtuwa da Katsina, labari na gaba, wuta na biye. Yau in an ce wa mutum ɗan leƙen asiri, gobe maƙwabcinsa ne zai ƙi gaishe shi.

Lalle ƙasashen waje suna leƙen asiri, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai kafin a buga ƙirji a majalisa, ya kamata a san asalin labarin, da ribar mai faɗinsa, da ko akwai wani na dabam da ya gani. Gani ya kori ji.