Wainar Ƙwan Da Ta Rasa Suna



Bayan ƙaramar salla Yayanmu ya zo daga Kano da tsarabar eya firaya, na'urar nan da ke dafa abinci da iska mai zafi. Tun 2010 kamfanin Philips ya fito da irinta, amma gidanmu na Takur, a nan Dutse, sai bana ta shigo. Mu biyu 'yan matan gidan muka ci alwashin yin karin kumallo da abin da mutanen Italiya ke kira firitata.

Muka fasa ƙwai 6, muka yanka albasa da tattasai da attaruhu, muka matse ruwan tumatir don kada ya jiƙa haɗin. Muka zuba dafaffen dankalin Turawa da madara cokali biyu da gishiri, muka juye a ƙaramin kwanon ƙarfe da muka shafa wa mai. Zafi digiri 160, minti 15.

Ana minti na bakwai aka ɗauke wuta. Gefe ya kama, tsakiya kuwa ruwa tsululu. Ƙwai shida a wannan tsadar ba abin zubarwa ba ne, ga Baba zaune da shayinsa yana jira.

Inna ta leƙo, ba ta ce uffan ba. Ta zuba yashi a tsohuwar tukunya, ta ɗora a kurfoti, ta zaunar da kwanon a ciki, ta rufe, ta jera garwashi a kan murfin. "Wuta sama, wuta ƙasa," in ji ta. "In ce ko shi ne aikin injin naku?" Gaskiyarta. Ƙarfe ne ke yin zafi daga sama, fanka ta zagaya da zafin ko'ina. Ba a jima ba ƙwan ya taso, ya yi ja.

Da muka kai wa Baba ya ce, "Wannan fa?" Muka ce firitata. Ya ce, "Firi me?" Inna ta ce, "Malam, wainar ƙwai ce, gasa ta aka yi."

Maganar nan ta tsaya mana a rai. Wainar mai shayi siririya ce, a mai ake soya ta, a juya. Wannan mai kauri ce, ba a juyawa, yanka ta ake kamar kek. Kalma ɗaya, "gasa", ta fitar da bambancin duka. Na'urar ma Inna "tanderun lantarki" take ce mata, kuma sunanta ya fi na Turawan dacewa, tunda ba suya abin yake yi ba.

Abin kunyar, muna da gajeren labarin da muke rubutawa, inda amarya ke haɗa wa angonta wannan girki. Sunayen Turancin muka zuba yadda suke, muna ganin shi ne burgewa. Da Inna za mu karanta wa, da ba ta gane abin da ke cikin farantin ba, alhali ta iya dafa shi babu lantarki.

Ba mu ce aron kalma laifi ba ne. Burodi da kofi ma aro ne. Amma kafin mu ara, mu fara shiga madafi mu tambayi masu ita. A daren muka gyara labarin: amarya ta gasa wainar ƙwai.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana basira.