Jarumin da Ya Ajiye Garkuwarsa

Ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina ganin littattafan nan na labari cikin zane ba su da wani amfani sai ɓata wa yara lokaci. To, bari in ba ku labarin yadda ɗaya daga cikinsu ya kama ni.

Da hutun Kirsimeti ɗan yayana ya dawo daga Kano da wani littafi mai suna Civil War, wato yaƙin basasa. Kamfanin Marvel na Amurka ya buga shi kashi 7 tsakanin 2006 da 2007. Mark Millar ya rubuta, Steve McNiven ya yi zane. Kafin mako guda ya zaga hannun samarin ƙauyenmu da ke ƙasar Bichi. Wata rana da la'asar na tarar da su gindin tsamiya suna gardama kamar za su doku. Na karɓe littafin, na ce su tafi ɗaurin kara. Da dare kuwa na haska fitila na karanta shi kaf.

Ga labarin a taƙaice. Wasu jarumai matasa suka far wa miyagu a garin Stamford, aka yi fashewa, mutum fiye da 600 suka mutu, har da 'yan makaranta. Gwamnati ta kafa doka cewa kowane jarumi ya ba da sunansa na gaskiya, ya shiga ƙarƙashin hukuma. Iron Man, attajiri mai sulken ƙarfe, ya goyi bayan dokar. Kyaftin Amurka, tsohon soja mai garkuwa, ya ƙi, domin yana ganin za a mai da su karnukan farautar masu mulki. Aminai suka zama abokan gāba. A faɗan ƙarshe cikin birnin New York, Kyaftin ya kā da Iron Man, saura ya gama da shi, sai 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti suka riƙe shi. Ya ɗaga ido ya ga gidajen mutane sun zama kufai. Nan take ya hana mutanensa faɗa, ya miƙa hannu aka sa masa ankwa.

Wannan ƙarshen ne ya raba samarinmu, kamar yadda ya raba masu karatu a Amurka a lokacin. Waɗansu suka ce marubucin ya cuce su. Yaya mai gaskiya zai durƙusa wa wanda ya gina kurkuku yana tsare abokansa ba shari'a? Waɗansu suka ce ai Iron Man ne da gaskiya tun farko, mai ƙarfi irin wannan dole a sa masa linzami. Abin ya ƙara zafi da kamfanin ya fito da wani littafi a watan Maris 2007, inda aka harbe Kyaftin a matakalar kotu. Ko da yake an dawo da shi da rai a 2009, ɗan yayana bai huce ba. Ya ce mini, "Baba, in wannan ne ladan haƙuri, ni ba na so."

Ban iya ba shi amsa ba, gama a lokacin ni ma ina cikin nawa yaƙin. Ku da kuka san ƙasarmu kun san gona a nan ta fi zinariya. Babu daji, babu saura. Kowace shekara ana noma wuri ɗaya, ana jidar taki da jaki, magada kuma suna ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Ɗan baffana ya tsallake layin gamba da kakanmu ya dasa, ya ci mini kunya uku. Ina da shaidu. Mai unguwa ya san gaskiyata, dagaci ma ya sani, kuma na shirya in kai ƙara gaban alƙali bayan hutu.

Amma da na rufe littafin, sai na shiga lissafin abin da kunya ukun nan suka riga suka ci. Matanmu sun daina aron turmi. 'Ya'yanmu, waɗanda nake koya wa karatu a aji ɗaya, ba sa zama benci ɗaya. Gwaggonmu tsohuwa ta ce kada mu biyu mu tsaya tare a kan kabarinta in ba mu shirya ba. Shekara biyu ina duban layin gamba, ban taɓa ɗaga ido na dubi gidan ba. Na tuna da Ibrahim, da makiyayansa suka yi rikici da na Lutu a kan wurin kiwo. Shi ne babba, shi ne mai iko, amma ya bar wa yaron zaɓi.

Da asuba na tafi ƙofar gidan ɗan baffana na yi sallama. Na ce, "Yaya, na bar maka kunyoyin nan. Mu kira dattawa su kafa sabuwar iyaka." Bai gode mini ba. Har yau yana gaya wa mutane tsoron kotu ne ya kore ni, kuma damin gero da nake samu a wurin ya tafi ke nan.

Saboda haka ba zan ce samarin da suka yi fushi da littafin ba su da hujja ba. Akwai abin da ba a bari. Da gonar maraya ce aka ba ni amana, da ban saki ba, ko za a kai shekara goma ana shari'a. Amma wannan tawa ce, ina da ikon in bayar.

Na mayar wa ɗan yayana littafinsa. Ya ce, "Baba, to wa ya yi nasara?" Na ce ya leƙa tsakar gida. Matar ɗan baffana ce zaune a tabarma, ta zo aron rariya, suna ɓarar gyaɗa da uwargidana.