Maimaici ba laifi ba ne, sai in gindi ya cinye ɗiya

1/ Jama'a, mu tattauna wannan maganar da manya ke yi cewa waƙoƙin yanzu "kalma ɗaya ce ake ta nanatawa". Ban yarda da ita duka ba, amma akwai inda take da gaskiya.

2/ Maimaici dai ba mawaƙan situdiyo suka ƙirƙiro shi ba. Waƙar baka tamu tana da gindi, tana da ɗiya. Gindi shi ne abin da 'yan amshi ke komawa kansa. Ka saurari Bakandamiyar Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo, ko Shata, ka ƙirga sau nawa gindi ke dawowa. Za ka gaji.

3/ To me ya sa ba ya gundurar mu? Saboda tsakanin gindi da gindi jagora na zuba sabuwar magana: kirari, zambo, habaici, tarihin gida. Duk dawowar gindin, ma'anarsa ta ƙara nauyi, don ka ji abin da ba ka ji ba ɗazu. Shi ma mawaƙin a nan yake shan iska, ya shirya ɗa na gaba.

4/ Yanzu dubi abin da ke tashi a gidan biki nan Lambara, ko shagon cajin waya a Boɗinga. Waƙar minti biyar, amma abin da yara suka riƙe bai wuce daƙiƙa ashirin ba. Shi ne yankin da ke hawa TikTok. Mawaƙi ya san haka, sai ya zuba duk basirarsa nan, sauran ya cike da ko mene ne.

5/ Ba raina su nake ba fa. Jarumar Hamisu Breaker ta riƙe mutane a 2020 lokacin kullen korona. Warr ta Ado Gwanja a 2022, sunan ma sauti ne kawai, ga ƙaramin yaro na faɗinsa. Samo sautin da zai maƙale a bakin jama'a aiki ne, wallahi.

6/ Abin da ke ci mani rai shi ne amsa-amon dole. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Gari na mutane daban, garin tuwo daban. Wuya ta jiki daban, wuyar sha'ani daban. In mawaƙi ya ja wasali ko ya karya kari don layi ya ƙare da "na" ko "ya", kunnen Bahaushe na jin targaɗen, ko na'ura ta gyara murya.

7/ Kuma ƙanana na kwaikwayon lafazin yadda suka ji shi, har cikin hira.

8/ Gwaji mai sauƙi: ɗauki waƙar da ka fi so wannan watan, cire gindin, rubuta abin da ya saura a takarda, ka karanta ba kiɗa. Ku ajiye mani sunayen waɗanda suka tsira a ƙasa, ina son in saurara.