Mai ciwon hanta a gadon asibiti: abin da takardar gwaji ba ta nunawa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a manyan asibitocinmu ya san irin wannan majinyacin: ciki ya cika da ruwa ya kumbura, hannuwa sun tsotse, ido ya yi rawaya da shawara. Hantarsa ce ta yi tabo ta ƙanƙance, ciwon da likitoci ke kira sirosis. Likita na duba sakamakon gwajin jini, mu 'yan dubiya muna kallon girman ciki. Amma in ka zauna ka tambaye shi abin da ya fi damunsa, sau da yawa ƙaiƙayi zai fara ambata, sai ɗaurewar ƙafa cikin dare, sai gajiyar da ko alwala sai an kama masa, ga barci ya juye, rana gyangyaɗi dare ido biyu. Yawancin waɗannan ana iya sassauta su, in an tambaya.

Akwai kuma kunya. Da an ji hanta sai a fara raɗe-raɗin giya. Gaskiya giya na lalata hanta, amma a ƙasarmu babban sanadin shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ita. Da yawa tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, ta yi shekaru tana cin hanta ba alama. Sai ka ga dattijon da bai taɓa kusantar barasa ba an ware masa kwano da kofi, alhali cutar ba ta bin abinci ko musabaha. Wannan wariyar na karya masa zuciya fiye da yadda muke zato.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne abinci, domin a nan ƙauna ke jawo illa. Iyali kan hana shi nama, ƙwai, wake da madara, a bar shi da koko safe da yamma, wai kada a wahalar da hanta. Wannan kuskure ne. Hantar da ta yi tabo ba ta iya ajiye kuzari, don haka in ya daɗe bai ci ba jikinsa naman jikinsa yake ci, kuma wanda ya rame haka ya fi saurin kamuwa da wasu cututtukan, ya fi daɗewa a gado. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a kuma ba shi wani abu ya ci kafin ya kwanta. Abin ragewa shi ne gishiri, dunƙule da kanwa, su ke ƙara tara ruwa. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna kuwa a zubar, gubarta na kawo dajin hanta.

Ranar da ya fara sambatu ya kasa gane 'ya'yansa, kada a ce aljanu ne a sa hannu a ɗauke shi gida. Dattin da hanta ta kasa tacewa ne ya kai ƙwaƙwalwa, kuma da maganin lactulose, wanda ke sa bayan gida sau biyu zuwa uku a rana, da yawa hankalinsu na dawowa. A yi masa addu'a a bakin gadonsa, ba wanda zai hana. Jiƙe-jiƙe da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen su ne za a nisanta, suna iya taɓa ƙoda ko jawo zubar jini. Aman jini ko baƙin bayan gida kuwa, ba a kwana da shi a gida.

Dashen hanta galibi sai an fita waje, kamar Indiya ko Masar, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Amma ƙwayar tenofovir guda a kullum tana danne nau'in B, ta hana ɓarnar ci gaba.

Don Allah duk gidan da ke da mai nau'in B, mata da 'ya'ya da 'yan uwa su je a gwada su. Najeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara tun 2004, kuma allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake yin ta. Ko a gida aka haihu, a kai jaririn asibiti a ranar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.